Daren Shafi Ɗaya

A Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya gaji ya tsaya,
muka shimfiɗa tabarmi bayan isha'i
a farfajiyar tsohuwar tasha.
Marubuta sun zo daga Gusau, daga Mafara,
wani ma tun daga Zuru, da gajiyar hanya a wuya.

Ni na zo da waƙoƙi goma sha ɗaya a aljihu,
tun a mota na gama ƙidaya tafin da za a yi mini.

Sai Malama Sahura ta ɗaga hannu:
"Daren nan shafi ɗaya ne rabon kowa.
In an karanta, ba tafi, ba sharhi,
sai shayin da ke gabanka ya huce."

Na dubi kofina. Tururi ko alamar gajiya bai yi ba.

Baba Tukur ya fara,
shi da ya sayar da tikiti shekara talatin
a tagar can mai tsatsa.
Ya goge tabarau da bakin riga,
ya karanta layi guda kan wata rijiya
da ta ƙafe shekarar da aka haifi ƙanensa.
Ya tsaya.
Ya maimaita, kamar mai tsallaka rafi da tulu a ka.
Karo na uku, da ya iso kan "guga", muryarsa ta karye.

Shiru ya zauna a tsakaninmu.
Na ji gyare.
Na ji injin niƙa can cikin gari ya yi tari ya mutu.
Na ji yatsana yana neman waya
kamar akuyar da ta saba da ɓarna,
na danne shi da gwiwa.

A shirun nan rijiyar ta buɗe,
ba tasa ba, tamu,
ta bayan gidan kakata a Kurya,
wadda rabona da tuna ta shekara ashirin:
igiyar kaba, sanyin laka a tafin ƙafa,
da muryar tsohuwa a bayana,
"Ɗan nan, guga ba ya cika da jifa,
bar shi ya nutse."

Wuta ta ɗauke. Ba wanda ya yi tsaki.
Aka kunna aci-bal-bal guda biyu.

Marwanatu tela, wadda ta koyi boko bayan ta aurar da 'ya,
ta karɓi littafin baƙon Zuru,
tana bin baƙaƙe da yatsa kamar mai bin ɗinki.
"Ya bar kuka a ƙofar gida."
Nan yatsan ya tsaya.
"Malam, wannan ta miya ce, ko na ido?"

Mai littafin ya buɗe baki, ya rufe.
"Da sauri na rubuta," in ji shi. "Yanzu ban sani ba."
Wani malamin kwaleji ya gyara zama zai warware,
Baba Tukur ya dafa masa ƙafa:
"Bar mata duka biyun.
Na ga matafiya da yawa ta tagar can,
tare suke barin su."

Da layi ya zo kaina shayi ya daɗe da sanyi.
Na fito da sha ɗayan, na mayar da goma.
Wadda ta rage baiti huɗu ce.
A na biyu na ci karo da wata kalma
da na sa don ta yi ƙara, ba don gaskiya ba.
Da sauri nake wuce ta kullum.
Yau ta tsaya ta dube ni a gaban mutane.
Na ce, "Ku yi haƙuri, nan akwai gyara."
Malama Sahura ta ce, "Muna jira."

Kuma suka jira.

Da aka tashi ban hau mashin ba.
Na bi layin dogo da ƙafa zuwa masauki,
katako ɗaya, taki ɗaya,
ba jirgi a gaba, ba jirgi a baya,
ina juya kalmar a baki kamar goro.